Wa Ya Kai Ruwa Zauren Kawu?

Ga kacici-kacici, mai karatu, kuma kada ka yi gaggawar ba ni gari. Gida yana nan inda kakanni suka kafa shi, bai matsa ko taku ɗaya ba. Kogi yana kwance a makwancinsa. Rijiya ba ta tumbatsa ba, randa ba ta fashe ba. Amma aka wayi gari ruwa ya kwana a zaure, ya jiƙa buzun salla, ya kwashi takalma ya tara su a bayan ƙofa. Wa ya kawo shi?

Gidan na kawuna ne, a Utai ta ƙasar Wudil, kan hanyar nan da ta bi ta Acika ta faɗa Darki. A nan aka yanke cibiyar mahaifiyata. Zauren na ƙasa ne, soro mai azara, da indararo biyu masu zubarwa a lungu. Ɗakunan ciki ne kawai mu 'ya'yan ƙannensa muka haɗa kuɗi shekarun baya muka yi musu rufin kwano, muka malale tsakar gida da siminti don matarsa Inna ta huta da caɓi. Kawu ya ga farin 1973, ya ga na 1984, ya kuma ga shekarun da aka yi ta marka har gero ya nemi rana ya rasa. Ya ce duk tsawon wannan zamani ruwan sama bai taɓa tsallake dokin ƙofar zaurensa ba. A daminar bara sau uku yana tsallakewa. A na ukun kusurwar katangar gabas ta zauna, buhu biyu na gero suka tsiro a ɗakin ajiya. Sai ya sa jikansa ya kira ni a waya.

"Ɗan nan, ka zo ka gani da idonka," in ji shi. "Ruwa ba ya tsami banza."

Na tafi da ɗan littafi a aljihu, da niyyar ba zan koma Kano ba sai na kama mai laifi.

Ruwan sama rahama ne, ba a gurfanar da rahama. Amma ana iya tambaya ko mudun da ake auno mana da shi ya canza. Ya kuwa canza. A 2017 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani bincike da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam, wanda ya nuna manyan haduran nan masu juye ruwa kamar da bakin ƙwarya a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Manoman da muka zauna da su a ƙofar masallaci ba su karanta mujallar ba, amma abin da suka ce ke nan: ruwan da a da yake rarrabuwa kwana uku, yanzu yakan sauko lokaci guda. Na ce a raina biri ya yi kama da mutum. Har na fara rubutawa, sai Inna ta leƙo daga madafi tana goge hannu.

"To ita 'yar tawa da ke aure a can ƙarshen gari fa? Gidansu ya fi namu gangare. Hadari ɗaya ne ya zubar a kanmu, amma ko tabarma ba su ɗaga ba."

Na soke abin da na rubuta. Hadari ba ya zaɓen lungu.

Da yamma a teburin mai shayi aka ba ni wanda ake zargi na biyu, kuma baki ɗaya aka ba ni shi: an saki Tiga. Ba a banza tsoron nan yake zaune a zukatan mutanen wannan yanki ba. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, su zama kogi ɗaya da ke gangarawa Haɗeja. A kan na farko akwai madatsar Tiga da aka gina tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. A kan na biyu akwai ta Challawa a Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992. Dattawa suna tuna ɓallewar madatsar Bagauda a 1988, kuma ba wanda ya manta ƙarshen Agustan 2001, lokacin da ruwan madatsun nan ya sauko ya cinye gidaje da gonaki a Wudil da maƙwabtanta har cikin Jigawa. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Sai dai ambaliyar kogi tana da ɗabi'arta. Takan zo ne bayan kwanaki, wani lokaci ma rana na haskawa. Da fadama take farawa, ta ci shinkafa da rake kafin ta nemi gidaje, kuma in ta zo takan zauna. Baƙon Kawu kuwa tun ruwa bai ɗauke ba yake sallama, kafin hantsi ya ɓace. Ni ma da zan haye gadar Wudil na leƙa, na ga kogin cike amma yana cikin gaɓarsa. Na koma zauren da tocila na duƙa a gindin bango, inda ruwan ya bar zanensa kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. Babu laka irin ta kogi. Abin da ya bari shi ne toka, da ɓawon rake, da ledar fiyawata, da silifas ɗin yaro ƙafa ɗaya.

Wannan ruwan ɗan gari ne. A cikinmu yake.

Silifas ɗin da ledar suka kai ni bakin lungu, inda wata tsohuwar kwata ta siminti ta wuce. Na zura sanda, ba ta shiga ko kamu ɗaya ba. Yashi, leda, tsumma, kwalaben roba, duk sun dunƙule sun zama kamar daɓe. Na ce alhamdu lillahi, yau ga ɓarawo a hannu. Mai unguwa ya sa aka yi shela, ranar Asabar samari suka fito gayya da shebur da baro da manjagara. Abin sha'awa ne ka ga yaran nan tsundum cikin baƙin taɓo har gwiwa, suna zolayar juna, mata suna aiko da kunu. Kafin azahar an tara tsibi bakwai na ƙazanta, kwata ta fito fes har ana ganin gindinta. Na shiga na ce wa Kawu ya kwana da idonsa biyu a rufe.

Ya dube ni, ya ce, "Allah ya sa."

Daren Lahadi hadari ya haɗo daga gabas. Iska ta fara, sannan yayyafi, sannan kwanon ɗakin Inna ya ɗauki ƙara har ba ka jin maganar na kusa da kai. Na tsaya a zaure da tocila ina kallon dokin ƙofa. A da, in ji Kawu, sai an yi kamar rabin sa'a ana tsugawa kafin baƙon ya iso. A wannan dare ko minti goma ba a yi ba. Ya taɓa dokin ƙofa. Ya hau. Ya shigo.

Ya ma fi na da sauri.

Mun yashe kwata, ruwa ya ƙaru. Ka tsaya a nan, mai karatu, ka juya wannan a ranka, don mabuɗin yana ciki. Ni ma a daren ban gan shi ba.

Da gari ya waye rai ya ɓaci, kuma ɓacin rai yana son fuskar da zai kalla. Aka fara nuna gidan maƙwabci, wani ɗan kasuwa da ya rushe na ƙasa ya yi na bulo, ya ɗaga harsashinsa har sai ka taka matakala uku kafin ka shiga. Aka ce shi ya turo wa talakawa ruwa. Wani saurayi har ya ɗauko diga. Mai unguwa ya tsawatar, ya sa aka kira mutumin, ya zo da wandonsa a naɗe.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "shekara shida ke nan da na yi ginin nan, ba a taɓa kuka da ni ba sai bana. A zo a ga shagona na ƙasa, sukari buhu guda ya narke jiya."

Aka je aka gani. Gaskiyarsa ne. Matakalarsa ta karkatar da ruwa kaɗan, amma ba ita ta haife shi ba. Saurayin ya ajiye diga. Ni kuma littafina ya cika da sunaye huɗu, duk a soke.

A daren nan na kasa barci. Muka zauna da Kawu a dakalin ƙofar gida bayan lisha, ƙasa tana ta ƙamshin ruwa, ba mai cewa komai. Can ya gyara zama.

"Ɗan nan, kana jin abin da nake ji?"

Na kasa kunne. Gyare na kuka. Wani janareto can nesa.

"Ba na jin komai, Kawu."

"To shi ne. Watan marka, an kwana ana ruwa, amma babu kukan kwaɗi. Da kana yaro in ka zo hutu, ba su ne suke hana ka barci ba?"

Gabana ya faɗi. Na tuna su. Dubbai, kamar ana gasar makaranta, daga bayan gidaje ta yamma. Kwaɗo ba ya ƙaura sai an taɓa masa gida.

Asuba na yi, ko shayi ban tsaya sha ba. Na koma bakin kwata, amma wannan karo ban dubi inda ruwa yake fitowa ba. Na bi inda yake zuwa. Taku hamsin. Ta karya kwana. Taku ɗari. Ta bi bayan makarantar allo. Taku ɗari biyu. Ƙasa ta fara gangara. Zuciyata na bugawa. Taku ɗari uku.

Kwata ta ƙare. A jikin katanga.

Sabuwar katanga ce ta bulo, ko filasta ba a yi mata ba, da ƙofar ƙarfe mai jan fenti. Kwatar ta zo ta sa goshi a gindinta ta tsaya cak. A jikin bulon ga zanen ruwa har ƙugu. Nan yake zuwa ya yi sallama, a ƙi amsa masa, ya juya da baya, ya bi lungu yana neman ƙofar da ta fi kowacce ƙasa. Ta Kawu ce. Da kwata take toshe, a hankali yake isowa. Da muka yashe ta, sai ya zo a guje ya koma a guje.

Wani tsohon magini yana zaune a gindin darbejiya yana jan carbi, yana kallona tun da na iso. Na gaishe shi, na ce, "Baba, me ke nan wurin a da?"

Ya yi murmushi. "Kai ba jikan gidan can ba ne? A nan ka koyi iyo. Kududdufi ne."

Kududdufi! Ga shi kuwa na sani, kowa ma ya sani. Ba da dare aka sace shi ba. Shekara ashirin ana zuba masa shara, yana tsukewa kamar rigar da ta sha wanki, har ya koma juji mai ɗan ruwa a tsakiya. A ranin da ya gabaci daminar nan aka kawo tifofin ƙasa aka ƙarasa shi, aka yanka fuloti. Mutane ma murna suka yi, kuma suna da hujja: sauro, wari, tsargiya a fitsarin yara, da fargabar uwa duk lokacin da ɗanta ya ɓace mata da gani. Kawu da kansa ya sa albarka da ya ji an cike shi. Tsakanin ramin da zaurensa taku ɗari uku ne da lanƙwasa biyu, shi ya sa ba wanda ya ɗaura wannan da wancan.

Na zauna kusa da tsohon, shi kuma ya buɗe mini abin da ban taɓa ji a aji ba. Ya ce a zamaninsu gida da raminsa tare ake haihuwarsu. Duk wanda zai yi gini, daga nan zai haƙi ƙasa, a kwaɓa, a mulmula tubali, a shanya. Kwandon ƙasar da ya hau katanga ya bar gurbin kwando a rami. Ɗaki ya tashi, rami ya faɗaɗa. Unguwa ta yi girma, kududdufi ya yi zurfi. Ruwan da sabon soro zai zubar, an riga an haƙa masa masauki tun kafin a ɗora azara. Kuma ba a gama ba: kowace shekara in rani ya yi, ruwa ya janye, gaiwa ta shige laka, sai a dawo a ɗebi ƙasar yaɓe don gyaran katangu kafin damina. Mai gida yana ganin gidansa yake gyarawa, alhali yashe ma'ajiyar ruwan unguwa yake yi.

"Ba wanda ya aiko mu," in ji shi. "Ba takarda, ba ɗan sanda. Kowa ya gina ya biya, da kwando a ka."

Na daɗe ina juya maganar nan. Ashe kakanninmu suna da kuɗin magudanar ruwa, kuma ma'auninsa ya fi na kowace hukuma adalci: gwargwadon girman gininka, gwargwadon ramin da ka haƙa. Mai ɗaki ɗaya ya biya na ɗaki ɗaya, mai soro goma ya biya na goma. Ruwan da aka tara kuma ba asara ba ne. Shanu su sha, agwagi su yi wanka, magina su kwaɓa ƙasa, sauran ya tsuma a hankali ya sauka ya ciyar da rijiyoyi.

Sai bulo ya zo. Yashinsa daga kogi, simintinsa daga masana'anta, ba ya barin rami a unguwa. Kwano ya zo, wanda ko ɗigo ba ya riƙewa. Siminti ya rufe tsakar gidan da a da take shanye rabin abin da ya sauka a kanta. Wato a lokaci guda aka yi abu biyu: aka ƙara ruwan da ke fita daga kowane gida, aka daina haƙa masa wurin zama. Daga baya ma aka sayar da wanda aka gada.

Ga lissafin, ba shi da wuya. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, lita ɗaya ce. Rufin kwano mai mita goma kowane gefe, in aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare guda, zai zubo da lita 5,000. Jarka 200 ke nan irin ta 'yan garuwa mai lita 25. Gida ɗaya, dare ɗaya. Gida ɗari, jarka 20,000, duk su fito lungu cikin sa'a guda suna neman hanya. A ƙasar Kano da ake samun wajen milimita 800 zuwa 900 a shekara, rufin nan shi kaɗai yana sallamar fiye da jarka 3,000 kowace damina.

Na rufe littafin, na tuna ƙarar kwanon ɗakin Inna a daren Lahadi. Na tuna rariyar gidanmu tana feso ruwa cikin lungu kamar bakin famfo. Kuɗin kwanon nan da na simintin nan, har da nawa a ciki. Sharar da ta cike kududdufin, har da ta gidanmu. Mutumin da ya yi katanga da takardarsa ya saya, shi ne dai na ƙarshe a layi. Mai laifin da na zo kamawa daga Kano, tare muka shigo mota.

Abin da ya faru a lungun Kawu shi ne labarin birnin Kano a taƙaice. Da ƙasar ramuka aka gina badala da gidajen cikinta, har baturen nan matafiyi Heinrich Barth da ya zo a 1851 ya yi ta maganar tafkunan birnin da fadamar Jakara. Yau da yawansu sun zama shaguna da gidaje. A Agustan 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata atamfofi da shaddoji na maƙudan kuɗi, 'yan kasuwa suka nuna gine-ginen da aka ɗora a kan hanyoyin ruwa. Birni ya riga ya sha. Garuruwa irin su Utai yanzu suke kai kofin baki.

An gano wanda ya kawo ruwa. Saura ƙulli na biyu, wanda ya fi na farko tauri. Na tambayi Kawu nawa yake biya a shekara don magudanar ruwa.

"Ko sisi," in ji shi. "Wa zai tambaye ni?"

Sai muka zauna muka ƙirga. Ladan maginin da zai tada katanga. Buhu biyu na gero. Tabarmi uku. Maganin zazzaɓin jikoki biyu. Dare huɗu da Inna, mace mai ciwon baya, ta kwana tana kwalfe ruwa da roba. Da muka haɗa, Kawu ya yi shiru, ya riƙe haɓa. Ashe an daɗe da ƙara masa kuɗin magudana. Mai karɓar ne ba ya ba da rasit, kuma ba ya zuwa gidan mai matakala uku da farko. Ƙofar da ta fi ƙasa yake bugawa.

A takarda, aikin yana da mai shi. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sa gina magudanan ruwa da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi, tare da tituna da kwashe shara, ya kuma ba su aikin ƙiyasta gidaje don karɓar kuɗin da majalisar jiha ta ƙayyade. Dokar 1998 da ta raba wa matakan gwamnati irin kuɗin da kowa zai karɓa ta bar musu kuɗin gidaje da na shara da najasa. Akwai asusun magance matsalolin muhalli da aka kafa a 1981, wanda tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi suke da kaso a ciki. Ranar 11 ga Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Haƙƙin talaka ne ya tambayi inda waɗannan suke shiga, kuma ina tare da shi in ya ce a fara nuna masa wannan kafin a miƙo masa hannu.

Amma ko an kawo su cif, kwata ba gada ba ce da za a gina a yi biki a tafi. Kowace shekara tana son yasa, kamar yadda kududdufi yake samu a wurin masu yaɓe. Kuɗin da ke zuwa daga nesa ya fi son aikin da za a yanka masa kirtani a ɗauki hoto. Yasar kwata kuwa sai kuɗin gida, mai zuwa kullum, wanda mai biyansa yake ganin bakin kwatar daga ƙofarsa.

Na san nauyin kalmar da nake kewayawa. A ƙasar Kano haraji ba kalma ba ce kawai, tabo ne. Dattawa suna tuna yadda magidanci kan gudu ya bar gari saboda shi, suna tuna gwagwarmayar NEPU da Malam Aminu Kano, da ranar da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979. Ga tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a 2023. Duk wanda zai zo Utai da maganar sabon kuɗi, dole ya san a kan wane miki yake taka ƙafa. Sai dai harajin da aka soke na kai ne: kana numfashi, ka biya, ko kana da akuya ko ba ka da ita. Abin da nake magana a kai na rufi ne.

Wasu ƙasashe sun riga sun isa inda tsohon maginin nan yake tun tuni. A garuruwan Jamus da yawa, har da Balin, an raba kuɗin ruwan sama da na ruwan ƙazanta, ana auna na saman da faɗin rufi da daɓen da mutum ya shimfiɗa. Wanda ya bar ruwansa ya nutse a filinsa, a rage masa. Birnin Filadelfiya na Amurka ya koma wannan ma'auni daga 2010 ga kantuna da masana'antu da manyan filayen ajiye motoci, waɗanda a da suke zubar da ruwa mai yawa suna biyan kaɗan. A jihar Merilan kuwa, da aka yi irin dokar a 2012, 'yan adawa suka laƙaba mata suna harajin ruwan sama, aka yi ta ce-ce-ku-ce har aka sassauta ta a 2015. Sunan ne ya cuce ta. Ba ruwan sama ake sa wa kuɗi ba, Allah ne ya saukar da shi kyauta. Siminti ake sa wa.

Ni dai ina goyon bayan a sa kuɗin, in ma akwai shi a ƙara, muddin da wannan mudu za a auna. Tsohuwa mai ɗakin ƙasa da tsakar gida ta turɓaya ba ta bin kowa bashin ruwa, kada a taɓa ta. Gidan mai, da rumbun ajiyar kaya, da mai gidan da ya malale ko'ina da siminti, su ɗauki nasu gwargwadon faɗinsu. Wanda ya kafa tanki a bakin kwanonsa, ko ya fasa wani gefe na daɓensa ya dasa bishiya, a sauke masa. Abin da aka tara kuma kada ya yi tafiyar da ba a dawowa: a rubuta shi a allo a ƙofar mai unguwa, shiga da fita, yadda ake rubuta gudummawar ginin masallaci, kowa ya wuce ya karanta. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuma aikin farko, tun kafin a sayi buhun siminti ɗaya, shi ne a tsare ramukan da suka rage: a kewaye su saboda yara, a hana zuba shara, a yashe su da rani, a zuba kifin da zai cinye 'ya'yan sauro. Kwatar da ba ta da inda za ta kai ruwa, mun ga abin da take yi a daren Lahadi.

Na faɗi duk wannan a zauren mai unguwa. Wasu suka gyaɗa kai, wani ya ce ko kobo ba zai bayar ba sai ya ga allon da idonsa, kuma ban ga laifinsa ba. Kawu bai ce komai a wurin ba. Da muka koma gida sai ya kira jikansa, ya sa shi ya auna ɗakunan kwano da tsakar gida da taku, yaron yana ƙirgawa da ƙarfi, Inna tana dariya daga bakin murhu.

"Rubuta, ɗan nan," in ji shi. "In dai rami za a tsare da shi, a sa sunana a farko."

Saura abu ɗaya ban gani ba. Kafin in kama hanya na bi ta ƙarshen gari, wajen 'yar Inna, wadda ko tabarma ba ta ɗaga ba. Tun ban ƙarasa ba na ji su. Kwaɗi, da rana tsaka. Bayan gidansu ga shi nan shimfiɗe, kainuwa ta rufe rabinsa, agwagi uku suna tsaga ta, wata saniya ta sa baki a gefe. Lunguna huɗu ne suke gangarowa su zube a cikinsa. Na tsaya na daɗe ina kallo.

Sai na lura da gefen kudu. Juji ya fara cin bakin ruwan. Bayan jujin, a cikin ciyawa, ga wani ɗan turke na siminti da jan fenti a kansa. Na matsa. Ga na biyu. Ga na uku can.

Ban nemi na huɗu ba. Na juya da sauri zan koma wurin mai unguwa, sai na ji ƙugin mota daga bakin titi. Tifa ce, maƙare da jar ƙasa. Ta rage gudu. Ta kunna sigina.

Na tsaya cak, ina jiran in ga lungun da za ta shiga.